Mai toshewar huhu ya kamu da nimoniya: J44.0 ce a gaba ko J18.9?

'Yar Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena a wannan aiki namu na adana bayanan marasa lafiya. Shekarata ta biyu ke nan a sashen bayanai na wani asibiti a nan Gombe, kuma tun da hunturu ya kama, fayilolin masu ciwon ƙirji suke taruwa a teburina fiye da kowane lokaci. Akwai guda ɗaya da ya kwana uku a hannuna na kasa sanya masa lambar cuta, shi ne na ce bari in kawo shi gabanku, bayan na cire duk abin da zai sa a gane mai shi.

Dattijo ne da ya haura shekara sittin da biyar, ya daɗe yana shan taba, kuma an san shi a asibitin da cutar toshewar hanyoyin iska ta huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaitawa da COPD. An kawo shi da zazzaɓi na kwana huɗu, da tari, kakinsa ya yi kauri ya koma kore, numfashi kuma sama-sama. Likitan da ya karɓe shi ya rubuta cewa COPD ce ta tashi, ya sa alamar tambaya a gaban LRTI, wato kamuwa da ƙwayar cuta a ƙananan hanyoyin numfashi, sannan ya ce a bincika ko tarin fuka ne. Hoton ƙirji ya nuna inuwa a ƙasan huhun dama, gwajin kaki na GeneXpert bai nuna tarin fuka ba, kuma a takardar nas an rubuta cewa iskar oksijin da ke jininsa 84 ce cikin 100 a daren da ya zo. An yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta, an sa masa oksijin da maganin shaƙa, ya kwana shida aka sallame shi. A takardar sallama layi ɗaya tak aka rubuta: CAP a kan COPD, wato nimoniyar da ya kamu da ita daga gida.

Abokin aikina da ya riga ni shiga ofishin ya ce in rubuta J18.9 kawai in wuce, tunda nimoniya ce ta kawo shi. Na bi maganarsa, sai takardar neman biyan kuɗi ta dawo daga masu inshora cewa lambar ba ta dace da maganin da aka bayar ba. Da na duba intanet sai na ga ana jera J44.0 da J18.9 da J44.1 har da J96.01 ta gazawar numfashi, amma da na buɗe littafin lambobin cututtuka da ke ofishinmu ban ga J96.01 a ciki ba sam, J96.0 kawai na gani. Don Allah wace lamba ce daidai, wacce za ta zo a gaba, kuma ina da ikon sanya lambar gazawar numfashi saboda waccan 84 ɗin da nas ta rubuta?

Tsohon Ma'aikaci, Bauchi

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin mu taɓa lamba ko ɗaya, ki koma ki duba bangon littafin da ke ofishinku, domin a nan ne ruɗanin naki ya faro. Littattafai biyu ne masu suna kusan iri ɗaya. Akwai ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda babban taron hukumar ya amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994, shi ne mai juzu'i uku da muka saba gani a kan kanta. Akwai kuma ICD-10-CM, wanda Amurka ta faɗaɗa don amfanin kanta, asibitocinta suka koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015. Yawancin abin da za ki ci karo da shi a intanet na Amurkawa ne suna magana da junansu a kan littafinsu, shi ya sa kika ga J96.01 a can kika rasa ta a nan. Idan kika ɗauko lambar wancan littafi kika zuba a rijistar da aka gina a kan wannan, to kin haɗa mudun wata kasuwa da tiyar wata, lissafin ba zai taɓa fita ba.

Yanzu ga fayil ɗin. Abokin aikinki bai yi daidai ba, ko da yake na san abin da ya sa ya faɗi haka, ni ma na yi shekaru ina yin wannan kuskuren kafin wani malamina ya zaunar da ni a kan juzu'i na biyu, wanda shi ne mafi yawanmu ba ma buɗewa. A cikinsa an ce idan littafin ya tanadi lamba guda da ta haɗa cututtuka biyu, kuma likita ya rubuta su duka, to waccan lamba mai haɗawa ita ake ɗauka a matsayin babbar cuta. J44.0 kuwa ma'anarta ke nan: COPD tare da sabon kamuwa da ƙwayar cuta a ƙananan hanyoyin numfashi, kuma nimoniya tana cikin irin wannan kamuwa. Saboda haka a littafinmu J44.0 za ki sa a gaba, sannan ki biyo ta da J18.9 domin mai karanta rijista ya san irin kamuwar, kada ya zaci majina ce kawai ta sauka wa dattijon a ƙirji. Idan kika bar J18.9 ita kaɗai, kin mayar da shi tamkar saurayi lafiyayye da ya kwanta nimoniya ya tashi, kin shafe cutar da ta sa ya buƙaci maganin shaƙa, kuma ina kyautata zaton abin da masu inshora suka gani ke nan.

J44.1 ita ce inda littattafan biyu suka raba hanya. A namu, J44.1 tana nufin COPD da ta tashi ba tare da an fayyace dalilin tashin ba, don haka idan an riga an san kamuwa da ƙwayar cuta ce, J44.0 ta fi ta bayani, ba na ganin dalilin jera su tare. A littafin Amurka an yarda a sa su biyun idan likita ya rubuta tashin cutar da kamuwar duka. Har ma a kan wacce za ta zo a gaba sun yi ta jayayya: da farko umarnin da ke ƙarƙashin J44.0 ya tilasta a fara da ita, sai daga 1 ga Oktoba 2017 aka sauya lafazinsa, aka bar wa mai sanya lamba ya duba abin da ya fi jawo kwantar da mutum. Idan kin ga shafuka biyu suna musanta juna a kan wannan, to ki duba shekarar da aka rubuta kowanne, sannan ki tuna cewa ba a kan littafinki suke musun ba.

Abubuwa biyu ki kiyaye a gefen nimoniyar. Na farko, J18.9 ta nimoniya ce da ba a san ƙwayar da ta jawo ta ba. Idan likita ya ambaci ƙwayar, lambar tana canzawa, J13 ga Streptococcus pneumoniae, J14 ga Haemophilus influenzae, J15.0 ga Klebsiella, J15.1 ga Pseudomonas. Amma sai likita ya rubuta da hannunsa, ba ke za ki ɗauko daga takardar ɗakin gwaji ba, domin kaki yana bi ta baki kafin ya shiga kwalba, kuma ba duk abin da ya tsiro a gwaji ne ya kwantar da mutum ba. Na biyu, kada inuwar da aka gani a ƙasan huhun dama ta ja ki zuwa J18.1, lambar nimoniya mai cinye sashen huhu guda. Faɗin wurin da ciwo ya zauna daban, cewa nimoniya ce mai cinye sashen huhu guda daban, kuma wannan hukuncin na likita ne. Idan kuma mura mai tsanani ta infuluwenza ce, littafin da kansa ya cire ta daga J44.0 ya tura ki J09 zuwa J11.

Game da 84 ɗin nas, amsar a taƙaice ita ce a'a. Adadi a takardar nas ba sunan cuta ba ne. Abin da kike da iko a kai shi ne ki mayar da fayil ɗin ga likita ki tambaye shi.

Likitan Ƙirji, Gombe

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ban da abin da zan ƙara a kan lambobi, wannan gonarku ce. Ni zan yi magana ne a kan namu laifin, domin rabin wahalar da Malama ta sha daga alƙalaminmu ta fito. Takardar sallama mai layi ɗaya bayan kwana shida a gado ba takarda ba ce, kuma na san yadda ake yin ta: ƙaramin likita ne da ya kwana a kan aiki, fayiloli goma na jiransa, 'yan uwan mara lafiya suna tsaye a ƙofa da buhun kayansu suna son su kama motar Dukku ko ta Bajoga kafin la'asar.

Abin da ya kamata a gani a irin wannan takarda ba shi da yawa. A faɗi cewa nimoniya ce kuma a kan me aka dogara, wato zazzaɓi, abin da aka ji da abin sauraren ƙirji, da abin da hoto ya nuna. A faɗi ko daga gida ya zo da ita ko a asibiti ya kama ta, domin wadda ta bayyana bayan awa 48 da kwanciya magani daban take so. A faɗi ko COPD ɗin ta tashi, a kuma rufe duk alamar tambayar da aka buɗe ranar farko, musamman ta tarin fuka, a ce an bincika ba a samu ba. Idan akwai gazawar numfashi a kira ta da sunanta, sabuwa ce ko tsohuwa ce ko sabuwa a kan tsohuwa. A nan ina so Malama ta fahimci dalilin da ya sa Baba ya hana ta ɗaukar 84 ɗin nan kai tsaye. Mai COPD da ya daɗe da ita yana iya zama a gidansa da oksijin ƙasa da na lafiyayyen mutum, shi ya sa ko a gado ba ma ƙoƙarin kai shi 98, muna riƙe shi tsakanin 88 da 92, gudun kada iskar kabon ta taru a jininsa. Ga sanyin hunturu, yatsa ya yi sanyi ƙalau, na'urar da ake maƙalawa tana iya ba da adadin da ba shi ne ba. A dattijon nan, da alama gazawar numfashi ce ta gaskiya, amma wanda ya tsaya a kansa a daren shi ne zai faɗa.

Akwai abin da ya fi damuna ma fiye da wannan, wato kalmar COPD ɗin kanta. A ƙa'ida ba a tabbatar da ita sai da gwajin hura iska a na'urar sifairomita, inda ake auna iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko a kan dukkan iskar da ya iya fitarwa, idan rabon ya gaza 0.7 bayan an ba shi maganin buɗe hanyoyin iska. Fayiloli da yawa da ke zuwa hannuna an rubuta COPD a shafin farko shekaru da suka wuce, kowa yana kwafa daga na gabansa, babu wanda ya taɓa sa mutumin ya hura. Wasunsu asma ce, lambarta J45. Wasu tabon tarin fuka ne da aka warke ya bar huhu a lalace, wanda ke da B90.9, sau da yawa tare da buɗewar bututun iska mai tara kaki, J47. Mai sanya lamba ba zai warware wannan ba, abin da aka rubuta zai bi, amma mu likitoci mu sani cewa duk abin da muka kwafa ba tare da bincike ba yana shiga ƙididdigar jiha a matsayin gaskiya.

Sannan kada a zaci cutar ta masu shan taba ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce COPD ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, ita ce ta huɗu a jerin masu kisa a duniya, kuma yayin da taba ke da alhakin fiye da kashi 70 cikin 100 na masu cutar a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe irin namu kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki a cikin gida yana da babban kaso. Ni na fi ganin wannan a iyayenmu mata. Tsohuwar da ta yi shekara talatin tana suyar masa a kan murhun itace a ɗan ƙaramin ɗakin girki mara taga, bangon ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ba ta taɓa riƙe karan sigari ba, amma huhunta kamar na wanda ya sha kwali dubu. Idan ba mu rubuta sana'arta da irin makamashin da take girki da shi ba, babu wata takarda da za ta taɓa nuna abin da ke cin mutanenmu.

Abu ɗaya kuma, Baba ya gyara mini idan na kauce. Tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, yana ƙwarewa da kunu ko tuwo ya faɗa masa a huhu, wannan ciwon ba J18.9 ba ne, J69.0 ne, kuma sai mun rubuta cewa ƙwarewa ce kafin ku sani. Haka nan idan Allah ya yi wa irin wannan mara lafiya rasuwa, a takardar shaidar mutuwa nimoniya ce a layin sama, COPD a layin da ke ƙarƙashinsa a matsayin tushe. Rubuta cewa zuciya da numfashi sun tsaya bai gaya wa kowa komai ba, domin kowane mamaci haka ya yi.

Mai Duba Takardun Biya, Azare

Likita da Baba, ina gaisuwa. Ni aikina duba irin takardar da aka dawo wa Malama da ita ne, ko da yake ba tata ce ta zo hannuna ba. Tun da aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, takardun da ke zuwa mana sun ƙaru, kuma abin da muke yi ba wani sirri ba ne: muna ɗora lambar cuta a kan jerin magunguna da kwanakin gado, mu ga ko suna magana da juna. Idan na ga J18.9 ita kaɗai, sannan na ga salbutamol na shaƙa sau da yawa a rana da ƙwayar firednisolon mai rage kumburi, dole in tsaya, domin nimoniya zalla ba ta saba neman waɗannan ba. Da an sa J44.0 da ban ɗaga kai ba.

Sai dai ina da ɗan saɓani da Baba a wuri ɗaya. Ba kowane asibiti ne yake aiki da littafin da ke kan kanta ba yanzu. Wasu sun sayi manhajar kwamfuta da aka loda mata jerin lambobin Amurka, ma'aikacin yana buga sunan cuta lamba tana fitowa, bai san daga wane littafi ta fito ba. Gwaji mai sauƙi shi ne a nemi ciwon zuciya da cutar huhu ta haifar: idan I27.81 ta fito, na Amurka ne, idan I27.9 ce ta ɗauke shi, na Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Wanda manhajarsa ta Amurka ce, ina ganin ya bi ƙa'idarta har ƙarshe, ya sa J44.1 tare da J44.0 idan likita ya rubuta duka biyun, maimakon ya ɗauki rabi a nan rabi a can. Abin da ba na yarda da shi kawai shi ne a ƙara lambar gazawar numfashi don kuɗin oksijin ya fita alhali babu ita a rubutun likita, domin ranar da aka zo binciken fayiloli sa hannun mai sanya lamba za a gani a wurin.

'Yar Jekadafari, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba bangon littafinmu, na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, kuma rijistarmu ta hannu ce, babu manhaja. Jiya na ɗauki fayil ɗin na je na sami likitan bayan ya gama zagayen safe, gabana yana faɗuwa domin ban taɓa mayar wa likita takarda ba. Ya karɓa da kyau, ya ƙara rubutu a ƙasan takardar sallama ya sa kwanan wata da hannu: nimoniya daga gida, ba a gano ƙwayar ba, a kan COPD da ta tashi, an cire tarin fuka, sannan da sabuwar gazawar numfashi da ta sa aka ba shi oksijin kwana uku. Ya kuma rubuta a yi wa dattijon gwajin hura iska idan ya dawo ganin likita, domin da muka juya fayil ɗin tun daga shafin farko ba mu ga an taɓa yi ba. Na sa J44.0, sai J18.9, sai J96.0. Amma Baba, dole in faɗi gaskiya, da na shiga cewa na yi da shi: Likita, wannan ai gazawar numfashi ce ko? Daga baya jikina ya ba ni cewa kamar ni na sa masa maganar a baki.

Tsohon Ma'aikaci, Bauchi

Lambobin sun zauna daidai, 'yata, kuma jikinki bai yi miki ƙarya ba. Gaba ki riƙa yin tambayar a rubuce, a 'yar takarda da za ta zauna a cikin fayil, ki jera abin da kika gani ba tare da kin ambaci amsar da kike so ba: oksijin 84 a daren farko, numfashi sau kaza a minti, an ba da oksijin kwana uku, shin akwai cutar da wannan ke nunawa, ko babu, ko ba za a iya tantancewa ba? Sai ki bar masa gurbin amsa da sa hannu. Tunda taba tana cikin tarihinsa, ki duba ko likita ya rubuta cewa har yanzu yana sha, domin akwai Z72.0 ga mai sha, da F17.2 idan an rubuta cewa ta kama shi ba ya iya bari.

Malam na Azare, na karɓi gyaranka a kan manhaja, ni zamanin biro da kati na yi aiki. Abin da zan roƙa shi ne kowane ofishi ya rubuta sunan littafin da yake bi a shafin farko na rijistarsa, domin sabon littafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, ya fara aiki tun 1 ga Janairu 2022, a cikinsa COPD ta koma CA22, nimoniya kuma CA40, kuma ranar da aka ce mu koma kansa, wanda zai juya tsofaffin lambobin zai buƙaci sanin daga wane littafi aka ɗauko kowacce.